Gidan bindiga na fata: in sayi na nan Texas ko in sa baduku ya ɗinka min a Kano?

Bazazzagin Texas:
Slm jama'ar zaure, barkanmu da war haka. Shawara nake nema, amma kafin wani ya fara ambaton DSS bari in fara da cewa ni a Texas nake zaune shekara 11 kenan, kuma bindigar da zan yi magana a kai a shago na saye ta, an cika takarda an duba sunana an yi komai. Ina da ɗan fili a bayan gari, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci daga Houston, ina kiwon tumaki da awaki saboda 'yan uwa masu neman ragon layya da na suna, to wajen akwai aladun daji da macizai da waɗannan karnukan dajin da suke kira koyoti, shi ya sa duk sanda zan shiga sai na rataya ta. Smith & Wesson ce Model 19, mai juyawar nan mai harsashi 6, tsawon bakinta inci 4, baƙa ce kuma ta hannu na saya wajen shago, nauyinta ya kai kilo ɗaya in an cika ta.

Gidan da nake sa ta a ciki a intanet na saya dala 25, an rubuta wai yana ɗaukar kowace irin bindiga, laushi kamar safa. Ranar Asabar na sunkuya zan kama ƙafar wani rago mu ɗora shi a bayan mota kawai sai ji na yi tim, ta zame ta faɗa cikin taɓo, a gaban mai sayen ragon da ɗansa ƙarami. Wlh ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, na kwana ina kwance ta ina gogewa. To yanzu na fata nake so na gaske. Madam za ta je gida biki watan gobe, shi ne nake tunanin in auna in ba ta awon ta kai wa baduku a Kano ya ɗinka min da jar fatar nan tamu, ko kuwa in haƙura in sayi na nan da na ga suna kai dala 100 zuwa sama. Me kuka gani?

Lauyan Unguwa:
Wslm. Tunda ka ce Texas shikenan, amma don masu karantawa a gida kada wani ya ɗauka abin wasa ne: a dokar makamai ta Najeriya ta 1959 fistol da irin wannan mai juyawar suna cikin kashin farko, wato haramtattu, ko Sufeto Janar ba shi ke ba da lasisinsu ba, sai shugaban ƙasa. Wanda aka kama da ita ba izini ɗaurin ba ya yin ƙasa da shekara 10. Bindigar harbin tsuntsu da ta farauta su ne na Sufeto Janar, ta toka kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha. Na faɗi nawa, ku ci gaba.

Baba Mai Ritaya:
Yaro, mu libarba muke ce mata, ba “mai juyawa” ba. Lokacin da na shiga aiki ofisoshi ita suke ratayawa, gidanta mai murfi ne, ka rufe ka ɓalla, sannan ga igiya daga gindin bindigar zuwa kafaɗa don ko ta faɗi ba za ta kai ƙasa ba. Kullum da safe sai an goge gidan da Kiwi ya yi ƙyalli kamar takalmi, in bai yi ba ka sha faretin horo. Tunda daji kake shiga ba sauri kake nema ba, mai murfi ka nema, ruwa da ƙura ba za su taɓa ta ba.

Baduku Ƙofar Wambai:
Toh ga bawana Bazazzage ya je Amurka ya zama kaboyi, har yana yar da bindiga a taɓo gaban yara, Allah ya kyauta. Zo nan ubangidanka ya koya maka fata.

Gsky zan faɗa maka ko da kuwa ciniki zan rasa. Jar fatar da kake magana a kai ta akuya ce, kuma duk abin da ya sa duniya take sonta shi ne abin da zai sa ta cuce ka a wannan aikin. Laushi gare ta, ba ta da kauri, da ƙyar ta wuce milimita ɗaya, tana miƙewa tana bin hannu, shi ya sa take kyau a jaka da gafaka da takalmi da titimi da bangon littafi. Ka ɗora mata ƙarfe mai kilo ɗaya ka yi ta sunkuyo da miƙewa, wata biyu ya yi yawa ta zama irin safar da ka saya. Abin da kake buƙata ƙirgi ne, na sa, jimar bagaruwa, kuma daga gadon baya ko kafaɗa, ba ta ciki ba don fatar ciki saki take yi. Matsalar ita ce ƙirgi mai kyau yanzu sai an tona, fatar shanu yawancinta ganda ake yi da ita a cinye, mai ganda ya fi majemi biya, wanda ya rage kuma sai ka samu duk shaidar wuta da tabon kaska da yankan wuƙar mafeɗi.

Na biyu kuma wanda ya fi wancan, ni ba na yin kube da awo. Ko kuben wuƙa aka kawo min sai an kawo wuƙar kanta, in jiƙa fatar ta yi laushi in naɗe ta a jikin wuƙar in bi da ƙashi ina dannawa har ta ɗauki surarta, in bar ta ta bushe a inuwa, shi ne za ka ga ka kifa kuben wuƙar ba ta faɗo ba. Bindiga kuwa ai ta fi wuƙa lungu da saƙo. Awo a takarda jaka zai ba ka, ba gida ba.

Direban Dallas:
Baduku ya gama magana wlh, abin da ya faɗa shi ne daidai abin da masu yi a nan suke yi. Su da awunsu suke auna kaurin fata, oza suke cewa, oza ɗaya kusan milimita 0.4 ne, na gidan bindiga ana so oza 7 zuwa 8, wato wajen milimita 3. Kuma ba a kan bindigar gaske suke matsewa ba yawanci, akwai ta roba shuɗiya da ake zubawa daidai da kowane samfuri, a kanta suke matse jiƙaƙƙiyar fatar.

Sannan ɗan uwa ka kula da wannan, kada mai shago ya ce maka ai duk K ne. Eh Model 10 da Model 19 jikinsu ɗaya ne, girman da kamfanin yake kira K, amma 19 tana da saiti na baya mai tsayi wanda ake gyarawa, na gaban ma ya fi tsayi, kuma sandar da ke turo kwanson harsashi a lulluɓe take a ƙarƙashin baki, ta 10 a fili take. Ka sa 19 a gidan da aka matse don 10 sai ka ga saitin yana kankare fata yana fito da gashi-gashi duk sanda ka zaro. Model 686 kuma girman L ce, ta fi ta kauri, gidanta zai yi wa taka yawa. Ka ce musu Model 19 inci 4, a rubuce.

Bazazzagin Texas:
Baduku, bawa ba ya zama ubangida don ya iya riƙe basilla, amma na gode, ka faɗi gaskiya. To tambaya, tunda akwai ta roba shuɗiyar, in na saya na sa wa Madam a akwati ta kawo maka fa? Ai an warware matsalar awo kenan.

Maman Ilham:
Inna lillahi. Malam kana son matarka kuwa? Ka sa wa baiwar Allah abu mai siffar bindiga sak a akwati ta bi ta na'ura a filin jirgi uku, ta sauka Kano kwastan su buɗe, ita da ta zo biki da turamen atamfa. Ko da roba ce ai sai an gama kamu da wunin biki tana can tana bayani. Don Allah a bar wannan maganar.

Lauyan Unguwa:
Hajiya ta riga ni. Kuma ka tuna da shi kansa Baduku, a shigo rumfarsa a ga surar fistol da gidanta rabin ɗinki a kan tabarma a wannan zamanin da ake ciki, wa zai tsaya ya saurari labarin rago a Texas.

Baduku Ƙofar Wambai:
A'a wlh ni 'ya'yana bakwai, kada a kawo min. Na yafe cinikin.

Ɗan Maradi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni maganar jima ni ka so in taɓa, don ubana majemi ne kuma cikin warin rijiyar jima munka tashi. Hwata iri biyu ce yanzu kasuwa. Akwai wadda anka jeme da bagaruwa, wagga sai ta yi kwanaki cikin ruwa ana juyawa, in ta bushe tana da jiki, in ka jiƙa ta ka lanƙwasa ta tsaya yadda ka aje ta. Akwai kuma ta kamfani wadda a ka yi da maganin kurom, kwana guda an gama, ita ce mafi yawa duniya yanzu, laushi gare ta kuma ba ta riƙe sura ko ka jiƙa ta shekara. Ita ce irin wadda manyan kamfunnan Kano na Challawa da Sharaɗa ka yi, mai shuɗi-shuɗi. Ga jaka da kujera ba ta da laihi, amma ba a son ta jikin baƙin ƙarhe. In kana son ka gane, yanka ɗan gehe ka duba tsakiyar, ta kurom za ka ga toka-toka mai shuɗi, ta bagaruwa kalar ƙasa ce har ciki. Ko ka ƙona ɗan guntu, tokar ta kurom kore-kore ta kan yi. Kuma Malam Baduku, jar akuyar nan da ku ka taƙama da ita a Kano ai tamu ce da Sakkwatawa, ku dai saye ku ka yi.

Baduku Ƙofar Wambai:
Mun saya mun gyara mun kai Maroko ta rakuma har Turawa suka sa mata sunan Maroko, ku kuna can kuna kiwo. Amma maganarka ta jima haka take.

Injiniya Kaduna:
Ni fa ina da ja a kan maganar kurom ɗin nan. Ana yawan faɗa cewa gishirin kurom ne yake cin ƙarfe, amma a ganina babban mai laifi danshi ne, kowace fata tana shan ruwa daga iska da gumi ta riƙe, ta bagaruwar ma ai tana da tsami. Ka bar baƙar bindiga wata uku a cikin gidan fata mafi tsada a gari irin Houston da iskarsa kamar ta Fatakwal, za ka zaro ta da ɗigo-ɗigon tsatsa a gangar da bakin, ko da wace irin jima aka yi. Baƙin da ke jikin irin wannan bindigar ba fenti ba ne, wata siririyar tsatsa ce baƙa da aka yi da gangan, kariyarta kaɗan ce in ba mai. Dalilin da ya fi ƙarfi na guje wa ta kurom shi ne wanda Ɗan Maradi ya faɗa, ba ta tsayawa.

Baduku Ƙofar Wambai:
Injiniya ka tuna min da abu. Kuloko da muke baƙi da shi ai ƙarfe ne ake jiƙawa ya yi kwanaki, ka shafa ruwan a fatar bagaruwa nan take ta koma baƙa ƙirin. To haka in jiƙaƙƙiyar fata ta kwana a jikin ƙarfe za ka ga baƙin tabo a fatar, ƙarfen ma ya ji a jikinsa. Ko wuƙa ba na ba mutum shawarar ya ajiye ta damina guda a kube.

Direban Dallas:
Shi ya sa ni da na dawo gida nake zare ta in goge da tsumma mai ɗan mai in sa a akwatin ƙarfe, gidan kuma in rataye shi daban ya sha iska. Kuma gsky in don aikin gona ne da taɓo da ruwa ni da Kydex zan ce ka saya, robar nan mai tauri, ka wanke da famfo ka ci gaba da harkarka, ba ta shan gumi ba ta saki. Aibinta ƙara take in ka zaro kuma tana cin baƙin bindiga da sauri a wuraren da take gogawa, ga muni, libarba irin ta da a cikin roba kamar dattijo ne da babbar riga da silifas ɗin wanka.

Bazazzagin Texas:
Hhhh a'a Direba, fata nake so, na sha roba. To wane fasali? Na shiga shafin kamfanonin gidan bindiga irin Galco da Bianchi da wasu kaina ya ɗaure, sunaye barkatai.

Direban Dallas:
Bari in taƙaita maka waɗanda na riƙe da hannuna. Akwai wanda suke kira fankek, fata biyu ne aka haɗa aka ɗinke a shafe kamar gurasa, da ramin bel gaba da baya, wani Roy Baker ne ya fito da shi wajen shekarun 1970, shi yana manne bindigar a jikinka sosai ba ta lilo, in ka saki riga ba mai gani. Akwai irin na da wanda ake naɗe fata ɗaya a ɗinke gefe guda, irin wanda ake kira da sunan Tom Threepersons, wani ɗan sanda a El Paso a shekarun 1920, kyakkyawa ne ba ƙarya amma asalin fasalinsa kunamar a waje take, an yi shi ne don saurin zarowa. Haka na Bill Jordan, jami'in tsaron iyaka wanda ma shi ne ya matsa wa Smith & Wesson suka ƙera irin bindigar da ke hannunka a shekarun 1950, nasa ma kunama a buɗe. Su a zamaninsu haka ake yi. Kai da kake kutsawa cikin ƙaya da waya kana kokawa da raguna kada ka kuskura, ka nemi wanda ya rufe kunama ruf, kuma mai maɗauri da ke bi ta bayan kan bindigar wanda ake ɓallewa da babban yatsa. Na san kunamar libarba tana da nauyi, sai ka ja kusan kilo 5 kafin ta tashi, amma reshe ko igiyar rago ba su san wannan lissafin ba.

Gwaji kuma mai sauƙi ne, ka zazzage harsasan ka duba sau biyu, ka sa ta a gidan ba tare da ka ɓalla maɗaurin ba, ka kifa a kan katifa ka ɗan girgiza. In ta zube ka mayar musu da kayansu. Sannan ka zare ta ka duba bakin gidan, in ya rufe kamar bakin buhu to nan gaba da hannu biyu za ka riƙa mayar da ita, kana buɗewa da yatsun hagu bakin bindiga yana kallonsu, wannan shi ne yadda mutane suke harbin kansu.

Baba Mai Ritaya:
Duk wannan dogon turanci, mai murfi ya rufe kunama ya rufe kai ya rufe komai. Amma yaran yanzu ba ku son abin da ya daɗe.

Bazazzagin Texas:
Allah ya ƙara girma Baba, ba ƙin ta taka na yi ba, na duba mai murfin, matsalar in na zauna a mota da shi tokare min haƙarƙari zai yi, kuma ina yini ina hawa ina sauka. Wani maƙwabcina Bature shi a gefen hagu yake rataya tasa gindin yana kallon gaba ya zaro da dama, ya ce ya fi daɗin zama a mota da tarakta.

Direban Dallas:
Gaskiyarsa, ni ma a babbar mota haka na fi so, bel ɗin kujera ba ya danne ta. Sai dai wajen zarowa bakin yana share gefenka, duk wanda ke hagunka ya shiga layi, kuma filayen koyon harbi da yawa ba sa yarda a zaro daga nan. Akwai fankek mai rami uku da za ka iya sawa ta kowane gefen. Abin da kowa yake mantawa kuma shi ne bel, ka sayi gida na dala 150 ka rataya a bel ɗin wandon zuwa ofis sai ya riƙa faɗowa waje yana jan wandonka ƙasa ka ce gidan ne ba kyau. Bel mai fata biyu a haɗe, faɗin inci ɗaya da rabi, kuma ramin gidan ya zama daidai da faɗin bel ɗin.

Almajirin Malam:
Afuwan zan ɗan karkatar da zancen. Ɗan uwa ka tambaya da me aka yi shafin ciki, don wasu masu yin irin wannan da fatar alade suke shafe cikin saboda tana da sulɓi da ƙarko, kuma ba kullum suke rubutawa ba. Ana gane ta da ƙananan huda uku-uku a jere kamar murhu. Ita fatar mushe ma a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke cikin Risala shi ne in an jeme ta ana iya amfani da ita amma ba a sallah a kanta, wasu malaman kuma sun tafi a kan hadisin da ya ce jima tana tsarkake fata, to wannan saɓani ne sananne, amma ta alade ka nisance ta kawai tunda abu ne da zai yini a jikinka kana gumi kuma lokacin sallah zai riske ka a gona.

Bazazzagin Texas:
Kai, Allah ya saka da alheri Malam, wlh ko kusa hankalina bai kai nan ba.

Injiniya Kaduna:
In za a yi shafin ciki ma a guji mai gashi-gashin nan irin na takalmin sanyi, yana kama yashi ya riƙe, ya koma kamar takardar goge katako a jikin bindigar, kuma yawancinsa jimar kurom ne. Mai sulɓi ake so.

Baduku Ƙofar Wambai:
To ai kun kawo kanku inda nake jira. Shafin ciki mai sulɓi, marar kauri, jimar bagaruwa, akuyar da Musulmi ya yanka, wannan ai jar fatarmu kuke siffantawa ba ku sani ba. Mu ma kuben takobi haka muke yi, abu mai tauri a tsakiya, fata mai kyau a lulluɓe. Bazazzage ka nemi mai ɗinkin sirdi a nan inda kake, na ji an ce Texas kamar Kano ce wajen son doki, ya yi maka jikin da ƙirginsu a kan bindigarka, ni kuma in zaɓo maka fatar akuya biyu masu kyau in ba Madam, ɗaya a bar ta farar jima ba rini don ciki, kada jan karan dafi ya sauka a jikin ƙarfen in ta jiƙe, ɗaya ja don ya lulluɓe wajen in kana son ado. Fata a akwati ba mai tare ta.

Maman Ilham:
Jemammiya dai, a tabbatar ta jemu. Ɗanyar fata suna hanawa a filin jirgin Amurka saboda cutar saifa ta dabbobi, a 2006 wani mai haɗa ganguna a New York ya kwanta asibiti rai a hannun Allah daga ɗanyun fatun da ya shigo da su daga Kwaddibuwa. Ta rubuta a takardar kwastan ta nuna musu kawai. Kuma Malam tunda ka ambaci yaro a wajen ragon, in akwai yara a gidanka akwatin ƙarfe mai makulli ya fi gidan fatar nan muhimmanci, a Texas laifi ne ka bar bindiga da harsashi inda ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai hannu.

Bazazzagin Texas:
Akwai akwatin Hajiya, tun ranar da na saye ta, Madam ba za ta bar ni in shigo da ita ba in babu.

Lauyan Unguwa:
Wai ni ku a can ba ruwan hukuma da yadda mutum ya rataya?

Direban Dallas:
Da ruwansu Barista. Tun 1 ga Satumba 2021 wanda ya kai shekara 21 kuma ba shi da laifin da ya hana shi yana iya ɗauka ba lasisi, amma in a fili za ka rataya a bainar jama'a dole ta kasance cikin gidanta, ba a soke a ƙugu ba kamar ɗan daba. Kuma duk wurin da ya kafa allon hani, shago ne ko masallaci, sai ka bar ta a mota.

Bazazzagin Texas:
Jama'a na dawo da labari, afuwan an kwana biyu, wata biyu da rabi kenan. Madam ta dawo lafiya da fatu biyu daga hannun Baduku, kwastan sun buɗe sun shinshina sun ba ta abinta. Na samu wani tsoho mai gyaran sirdi a wani ƙaramin gari kusa da gonar, na kai masa bindigar ba harsashi ya zana ya auna, ya ce da ƙirgin Hermann Oak yake aiki, wani tsohon gidan jima a St. Louis da ke jima da ɓawon itace tun 1881. Da na warware masa fatar akuyar sai ya yi shiru yana murza ta a yatsa, ya kai hanci, ya yanki ɗan gefe ya duba tsakiya daidai yadda Ɗan Maradi ya ce, sannan ya tambaye ni ko zan iya samo masa guda goma. Farar ya sa a ciki, jar kuma ya ce ba zai lulluɓe duka ba don ƙaya za ta yayyage ta, sai ya yi ɗan zagaye da ita a baki da kan maɗaurin. Fankek ne mai rami uku, kunama a rufe.

Matsala ɗaya, ya matse ƙam, ranar farko da hannu biyu na zaro ta har bel ɗin yana biyowa. Na ɗauko man kaɗe zan shafa ya yi laushi sai na ce bari in tambaya tukuna.

Baduku Ƙofar Wambai:
Ajiye man kaɗen nan bawan Allah!! Ka biya kuɗi an yi maka tauri kuma za ka mayar da shi safa. Mai yana kashe jikin ƙirgi kuma in ya shiga ba ya fita.

Direban Dallas:
Zazzage harsasan, ka naɗe ta a ledar burodi ɗaya ka tura a gidan har ƙasa ka bar ta ta kwana, da safe ka cire ledar ka gwada, in bai isa ba ka ninka ledar ka ƙara dare ɗaya. Kada ka wuce haka, sauran zai saki da kansa in kana sawa.

Bazazzagin Texas:
An yi, dare ɗaya ya isa, yanzu tana fita da hannu ɗaya kuma na kifa a katifa ba ta motsa ba. Baduku maganar fatu goman tsohon nan fa da gaske yake, jiya ma ya sake kira, nawa-nawa za ka bari?

Baduku Ƙofar Wambai:
Ka fara biyan na biyun farko tukuna, Madam cewa ta yi kai za ka turo. Biyo ni ta akwatin saƙo mu yi magana, farashin Bazazzage daban ne.